Sabuwar Manjagara da Shanun Baffa

A fadamar Haɗeja ciyawa ba ta jiran mutum. Ruwan kogi yakan hau ya shafe ƙasa tun daga wajen Auyo har inda ido ya tsaya, ya yi zamansa, sannan wata rana ka fito ka tarar ya fara ja da baya, yana barin laka da ɗanyar ciyawa mai kai wa mutum ƙugu. Daga nan 'yan makonni ne kawai. In ka yanke ta da sauran korenta, ka shanya, ka tara, ka sami ingirici mai ƙanshi wanda saniya za ta ci har faɗuwar ruwa. In ka yi jinkiri sai ta bushe a tsaye ta zama kara, ko mafarauta su cinna mata wuta, ko wani garke ya riga ka.

Aikin da aka ba ni ke nan da na dawo gida. Na yi shekaru ina yawo da sunan koyon kiwon zamani. Na zauna a Sudan, na zauna a Holan, na bi kogin Kwara har ƙasar Masina, kuma duk inda na je na ɗebo ɗan abin da ya samu na harshen mutanen wurin. Da na dawo sai aka tura ni wata gonar dabbobi ta gwamnati a bakin fadama. Manufar gonar ita ce a tara ingirici da kaka, a raba wa makiyayan da suka zauna wuri ɗaya, don kada tsofaffin mutane da raunanan shanu su sha wuyar tafiya kudu da rani. Kayan aikinmu uku ne: tarakta, wadda kowa ke kira tantan, da injin yanka, da manjagara.

Manjagarar nan Baturen da ya kafa gonar ne ya bar ta lokacin da ya koma ƙasarsu bayan samun 'yancin kai. Asalinta ma ta doki ce, aka sare sandunan da ake ɗaura wa dokin aka haɗa ta da tantan. Ƙafafu biyu na ƙarfe, manya, da lanƙwasassun haƙora a jere kamar haƙarƙarin raƙumi, da kujera a sama. Mutum zai zauna a kujerar, in haƙoran sun cika da ciyawa ya taka wani ƙarfe, su ɗaga, ciyawa ta zube tsibi guda. A bayanta leburori na biye da rassan ƙaya, kowane tsibi su ɗora masa reshe ɗaya.

Ƙayar nan ba Bature ya koya mana ba. A wajenmu ciyawar daji ta Allah ce, ko a tsaye take ko a kwance, wanda dabbarsa ta fara kai baki shi ke da ita. Amma da zarar mutum ya tara ta tsibi ya ɗora reshen ƙaya, ko ya ɗaure ta dami, to ta zama tasa, kuma ko makiyayin da shanunsa ke faɗuwa don yunwa zai kore su daga wurin. Da haka na tashi na gani, kuma ban taɓa jin an kai ƙarar wani gaban alƙali a kan tsibi mai ƙaya ba.

Maƙerin gari ya yi ta yi wa manjagarar nan faci shekara da shekaru, har ƙarfen faci ya fi na asali yawa. A shekarar da nake ba da labari, ana gab da fara yanka, gatarin da ke riƙe da ƙafafunta ya karye biyu. Maƙeri ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce, "Malam, in ka yarda in ɗauke ta in yi wa mutane fartanya. Wannan ta gama nata."

Ba don gwamnati hankalina ya tashi ba. Don Baffa ne.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan mahaifina ya rasu, kuma daga rugarsa aka ɗauke ni aka kai makaranta. Da shekarun fari suka zo, 'ya'yansa suka kora babban garke suka yi kudu, suka sami wuri can suka zauna. Shi gwiwa ta hana shi tafiya. Suka roƙe shi ya shiga mota ya bi su, ya ƙi. Na roƙe shi ya dawo gidana cikin gari, ya ƙi. Ya riƙe 'yan shanu da ba su kai ashirin ba, galibinsu farare, dukansu jikokin wata saniya da mahaifiyarsa ta ba shi tun yana yaro, ya zauna da su shi da matarsa, Inna, a wani tudu kusa da gonarmu. Abin da yake so a duniya bai wuce guda ba, kuma ya sha faɗa mini: in ya buɗe ido ya gan su, in ya rufe ido ya ji suna tuƙa, har ranar da za a ɗauke shi.

A shekarar ruwan kogi bai hau sosai ba. Wasu suka ce ƙarancin damina ne, wasu suka ce madatsar da aka gina can sama wajen Kano ce ta riƙe shi. Ko ma mene ne, ciyawa ta yi kaɗan, kuma kowa ya san in ba a tara ba shanun Baffa ba za su ga damina a tudun nan ba.

Na je gaishe shi da yamma. Tun da na dawo da dogon wando bai sake kirana da wani suna ba sai Bature.

"Bature, ina labarin matsefin naka?"

"Ya karye, Baffa."

"Madalla. Ƙasa ta huta da kitso."

Inna ta yi dariya daga bakin murhu. Shi ma ya yi, sannan ya juya yana kallon shanu, can ya ce, "Za a samo wani?"

"Za a samo, in Allah ya so."

"Tambaya kawai na yi. Ni saniyata ita ke zuwa wajen ciyawa. Ba amarya ba ce da za a kai mata a akushi."

Da Inna ta rako ni bakin hanya ta nuna mini bayan bukka. Ya riga ya kafa rumfa mai ƙafafu huɗu, sabuwa, wadda za a jibga ingirici a kai. Da gwiwar nan tasa ya haƙa ramukan.

Aka ce in tafi Kano in zaɓo sabuwar manjagara. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ba a tsaya yi mini dogon bincike ba, aka ce in duba wadda ta dace in ɗauko. Na shiga wani babban shagon kayan noma na wani Balarabe ɗan Labanan. Bakanikensa Bafaranshe ne, akawunsa kuma Turanci yake ji. Na yi Larabci da maigida, na yi Faransanci da bakanike, na yi Turanci da akawu, sai ka ce an haɗa wurin ne don a gwada ni.

Na kwatanta musu tsohuwar tamu, na ce irinta nake so. Bafaranshen ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce kakarsa ce ta yi aiki da irinta, a ƙasarsu an daina ƙerawa. Balaraben ya fi shi iya ciniki. Ya ce akwai wasu ƙasashe da har yanzu suke yin ta, kuma ya yi odar guda biyu, suna cikin jirgin ruwa a Ikko.

"Yaushe za su iso?"

Ya ɗaga hannuwa sama. "Ya ustaz, jiragen da ke jiran shiga tasha sun yi layi har cikin teku, duk siminti suka ɗauko. Akwai matuƙin da ya iso bai da gemu, yanzu yana tajewa. Ka ce in yi maka alkawari?"

Sai suka kai ni bayan shago suka yaye wani tanti. Ga ta nan, ja wur, ko ƙwarzane babu. Wannan ba jan ciyawa take yi ba. Wani babban faifai ne na ƙarfe a kwance, da hannuwa sun fito ta kowane gefe, kowane hannu da siraran haƙora. Ana haɗa ta da sandar nan mai juyawa da ke bayan tantan, faifan ya yi ta wulwulawa, hannuwan su share ciyawa su ajiye ta gefe guda, layi ɗaya miƙaƙƙe.

Na san ta. Na ga irinta tana aiki a Holan, a ƙasar da ita ma ruwa ke mulki kamar tamu. Amma filinsu kamar an shimfiɗa tabarma yake, ba tudu ba rami. Namu kuwa laka ce da shanu suka tattaka tana ɗanya, ta bushe da sawun kofato a jikinta, ta yi tauri kamar dutse. Na faɗa wa Bafaranshen haka. Ya ce a ɗaga ta sama kaɗan, kuma zai cika mini buhu da haƙoran canji. Na tambayi ko sandarta za ta shiga tantan ɗinmu, ya auna ya ce za ta shiga. Na tambayi giris, na tambayi noti, na tambayi faɗin da take sharewa. Duk abin da na tambaya akwai amsa. Na kuma san layi take yi ba tsibi ba, har na lissafa a raina cewa leburori za su bi bayanta su tara da hannu.

Duk da haka ban ɗauka nan take ba. Na zaga sauran shagunan, na tarar ko irin wannan ce, ko babu. Na buga waya wata gonar gwamnati da ke kan tsaunukan Jos ko za su ara mana tasu, aka ce tasu tana ƙarƙashin bishiya kaji na ƙwai a ciki. Na koma na zauna a kan wata taya a bayan shagon Balaraben ina kallon jar manjagarar. Zaɓi aka ce in yi, amma abin da ke gabana guda ɗaya ne, ɗayan yana kan teku. A gida kuwa direba ya riga ya fara yanka kamar yadda na bar masa saƙo, don ciyawa ta fara sauya launi. Na tashi na ce a ɗaure mini ita.

Jirgin ƙasa ya sauke ta a Malam Madori, mota ta ƙaraso da ita. Ranar da muka gwada ta, mutane suka taru kamar an kawo kura. Direbanmu mutumin Kaugama ne, ba ya ganin abu ya ƙyale.

"Malam, wannan ai gizo-gizo ka sayo mana. In ta kama ni, ka gaya wa iyalina ban bar wasiyya ba."

Ya hau, ya ba ta wuta. Faifai ya fara juyi, hannuwa suka fara kai da kawowa, yara suka watse da gudu. Sai ga ciyawa tana tashi tana kwanciya gefe, a tsare, kamar mace na gyara shimfiɗa. Haƙora sun karye, ba shakka, kana jin ƙararsu ƙyas in sun ci karo da sawun kofato, amma muna da buhu guda, mu tsaya mu sauya mu ci gaba. Abin da tsohuwar ke yi a mako, wannan ta gama shi kafin rana ta faɗi. Aka wayi gari duk filin da muka yanke ya zama layi-layi kamar kunyoyin gona, kowane layi ka tsaya a farkonsa ba ka hango ƙarshensa.

Baffa ya zo a kan jaki ya gani. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai, yau kam kitson ya yi kyau." Ban taɓa jin ya yabi wani ƙarfe ba sai ranar.

Leburori kuwa suna tsaye da rassan ƙaya a hannu, suna duban juna. Babbansu ya matso.

"Malam, a kai za mu ɗora, ko a wutsiya?"

Aka yi dariya. Na ce su ɗora a kai da wutsiya tukuna, gobe da sassafe kowa ya zo da cokalin ciyawa mu tara ta tsibi-tsibi yadda aka saba.

Da la'asar ɗin nan aka ji ganga daga ƙauyen masunta. Sarkin ruwa ya yi shela gobe za a buɗe babban tafki a yi su, wato kamun kifi na gayya. Ba lokacinsa ba ne, amma ruwa na ƙafewa da sauri a shekarar, ya ga in an jira kifi zai mutu a laka. Wanda bai zauna a fadama ba ba zai gane abin da wannan ganga ke nufi ba. Sau ɗaya ake buɗe tafki a shekara. Kifin da magidanci ya kama a ranakun su, shi za a yi banda a ci, a sayar a yi sutura. Leburorinmu kuwa duk 'ya'yan ƙauyukan nan ne.

Na bi su gida-gida. Babban nasu ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ciyawa tana kwance, ba ƙafa gare ta ba. Kifin nan kuwa in aka kwashe, sai baɗi." Ba ƙarya ya faɗa ba. Washegari har direba na hango shi da homar kamun kifi a kafaɗa, ya naɗe wando, yana kauce wa idona. Aka gama babban tafki aka koma na kusa da shi, daga nan aka wuce na gaba.

Muka rage ni da tsohon maigadin gona. Muka ɗauki cokula muka fara tarawa. Tun safe har zafin rana, hannuna ya yi kanta ya fashe, in na ɗaga kai sai in ga ko layi ɗaya ba mu cinye ba. Duk tsibin da muka tara, mu ɗora masa ƙaya. Abin da injin ya kwantar a yini guda, hannu huɗu ba za su tashe shi a wata ba.

Wata safiya muna cikin haka na ji kukan shanu daga arewa, ba irin na shanunmu ba. Jajaye ne masu dogayen ƙahoni, irin na mutanen hamada, sun gangaro daga ƙasar Nijar fari ya koro su. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Da suka shaƙi ƙanshin ingirici ba wanda ya kora su, da kansu suka bazu cikin fili, kowace saniya ta kama layi tana bi tana ci, kamar don ita aka shimfiɗa.

Na jefar da cokali na ruga. Na yi ihu da Hausa, na yi da Barbarci, na yi da Fillanci. Da Fillancin ne wani dogon mutum mai rawani ya juyo. Shi ne jagoransu. Ya dogara sandarsa, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da iyali da dabbobi, ni kuwa ina haki ina kallon ciyawa na tafiya.

Na ce, "Wannan ciyawar tana da masu ita. Yanke ta aka yi."

Ya ce, "Mun ga tsibi masu ƙaya can gefe, mun kore shanu daga wurin. Je ka duba, ko tsinke ba su ɗauka ba. Wannan kuwa na bi ta da ƙafata kafin in bar su, ban ga ƙaya ba, ban ga igiya ba."

"Ƙayar tana can ƙarshen layi."

Ya sa hannu a goshi ya duba inda na nuna. Ba a hango komai. Ya ce, ba da faɗa ba, "Ɗan'uwa, in na ajiye reshe guda a ƙofar Haɗeja, duk ciyawar da ke tsakanin nan da Nguru ta zama tawa?"

 Ya ga fuskata, ya kira 'yan'uwansa, suka shiga kora da gaske, ni da maigadi muna taya su. Amma saniyar da ta yi watanni ba ta ƙoshi ba, in ka kore ta daga wannan layi sai ta faɗa na gaba. Ga wani garke ya biyo bayansu, ga wani. Kafin azahar abin da ba a ci ba an tattake shi cikin ƙasa.

Shi da kansa ya ce in kai shi wurin babba a yi magana. Ina iya kai shi gaban hukuma, kuma da an ƙwace masa shanu, amma tarar ba za ta mayar da ciyawa cikin fili ba. Na kai shi wurin Baffa.

Baffa ya sa aka shimfiɗa masa buzu. Ya saurari baƙon, ya saurare ni. Sannan ya tambaye ni, "Tsibin da ke da ƙaya, sun taɓa?"

"Ba su taɓa ba."

"To me kake so in ce masa?"

"Baffa, rabonka yana cikin ciyawar nan. Abincin shanunka ne na rani duka."

"Na sani. Da an tara ta, da ta zama tawa. Ba a tara ba." Ya gyara ƙafarsa mai ciwo da hannu biyu. "Ni ma da na iske ta haka a ƙasar wasu, da na sake su. Kai ma kana yaro ka kora shanuna cikin irinta." Ya ɗaga murya: "Inna, kawo wa baƙo nono." Ɗan abin da aka tatsa ranar ke nan, aka kawo.

Na ga yadda mutane ke tsare ciyawarsu a wurare da dama. A Holan waya ce, ko'ina waya, saniya ma ta san iyakarta. A Sudan mai gadi ne da takardar gwamnati a aljihu. A Masina akwai mai ciyawa, mutum guda da gadonsa ne, garke ba ya shiga sai da izininsa, kuma kowa ya san wanda ke gaba da wanda ke baya. Tamu ta fi duk sauƙi, kuma ina ganin ta fi mutunci: reshe guda, da kunyar wanda ya gan shi. Sai dai an yi ta ne daidai da hannun mutum, wanda ba ya tara abin da ya fi ƙarfin ya ɗora wa ƙaya kafin ya tafi gida. Injin da na kawo bai san da wannan ba, waɗanda suka ƙera shi ma ba su sani ba, ba kuma laifinsu ba ne.

'Yan tsibin da muka tsira da su aka raba wa gidajen da ke jiran gonar. Rabon Baffa bai rufe ko rabin rumfarsa ba. Babu sauran abin yanka, garkunan arewa sun share fadama. Na shiga kasuwar Kafin Hausa neman harawa, na tarar kowa ya riƙe tasa. Aka yi mana alkawarin irin auduga daga Kano, na yi ta zuwa tashar jirgi ina dawowa. Na ce da Baffa in kwashe shanun in kai gidana cikin gari. Ya ce, "Su ci me, Bature? Littattafanka?"

Baƙin ba su wuce nan take ba, sun yada zango kusa da tudun don shanunsu su huta. Kullum Baffa na zaune bakin bukka yana kallon yadda dogon mutumin nan ke tafiyar da garkensa, yadda yake cire wa saniya kaska, yadda yake ɗaukar ɗan maraƙi a wuya in ya gaji. Ana gobe za su tashi ya aika a kira ni.

"Zan ba shi su. Ya kai su kudu, in ruwa ya sauka ya dawo mini da su."

"Baffa, ba mu san shi ba. Bari in nemi mota in kai su wurin 'ya'yanka."

"Motar da ta kawo irin audugar?"



Guda ɗaya ya riƙe, wadda ɗan ingiricin zai iya ɗauka. Inna ta so a bar mai nono, ya ce a'a, tsohuwar cikinsu za a bari, ita ce ba za ta kai kudu ba.

Da safe ya dogara sanda ya shiga cikinsu tare da baƙon, yana dafa kowace yana faɗa masa halinta. Wannan ba ta shan ruwa in ana kallonta. Waccan mai farin goshi tana harbi ta hagu. Baƙar can in ta ɓace kada a neme ta nesa, tana bayan garke tana jiran a kira ta. Baƙon yana cewa to, to. Aka kwance maruƙa daga dangwali, aka kora.

Suka ƙi tafiya. In an kai su bakin hanya sai su juyo su tsaya suna kallon Baffa. Aka sake korawa, ya yi tari kawai, suka dawo. Baƙon ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, muddin suna ganinka ba za su bi ni ba."

Baffa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ya shiga bukka, ya ja asabari ya rufe. Ni na karɓi sandarsa na kora su, ina dukan shanun da da nononsu aka raine ni, har suka shige cikin jajayen nan aka daina bambance su. Da na dawo bukkar tana rufe. Inna na zaune a waje da ƙwaryar tatsa a cinya. 

Tsohuwar saniyar ta kai bazara, ta kwanta, aka yanka ta. Ruwa ya sauka, kogi ya hau, garkuna suka fara komawa arewa. Duk wanda ya biyo ta tudun sai Baffa ya aika a tsayar da shi, a tambaye shi labarin wani dogon mutum mai jajayen shanu da 'yan farare a cikinsu. Ni ma na yi tambaya a kasuwannin shanu, daga Kafin Hausa har bakin iyaka, daga baya aiki ya kai ni kudu na yi ta yi a can. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a bakin Binuwai. Wani ya ce ciwon sammore ya gama da garkuna da yawa a shekarar, har da masu su. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Sau ɗaya na ce da Baffa wataƙila mutumin nan ya ci amana. Ya ɗago ya dube ni.

"Wanda ya bi layi da ƙafarsa yana neman ƙaya, shanunsa na mutuwa? Kada ka sake faɗa. Wani abu ne ya same shi a hanya."

Shekarar da ta biyo baya muka kewaye filin da waya, muka ɗauko leburori daga ƙauyukan tudu waɗanda ba ruwansu da kamun kifi. Jar manjagara ta yi aiki lafiya lau, ta kuma yi shekaru tana yi. Muka tara ingirici har ya yi yawa. Na cika amalanke na kai wa Baffa rabonsa, don ban san yadda zan ƙi kaiwa ba. Na ɗauka zai ce in mayar. Sai ya nuna rumfa ya ce a jibga a can, shanun za su dawo da yunwa. Da muka gama ya dogara sandarsa ya je gindin magarya, ya saro reshe, ya dawo a hankali, ya miƙa hannu ya ɗora a kai.